Tsofaffin jitocin feda na 'yan koyo: Maverick, GS-10, MSA da sauransu, wacce ta cancanci a saya?

Jita mai feda, wadda ake kafawa a kan ƙafafu huɗu kamar ƙaramin tebur, makaɗi ya zauna a gabanta yana zamar da guntun ƙarfe mai santsi a kan tsirkiyoyinta, tana cikin kayan kiɗa mafi tsada da aka ƙirƙiro a Amurka. Saboda tsadar ne kamfanonin da suka yi suna wajen ƙera ta suka riƙa fitar da ƙananan samfura domin 'yan koyo, musamman a shekarun 1970, lokacin da kiɗan kantiri ya cuɗanya da na rok, matasa suka yi ta neman wannan sauti mai kama da kuka. Dubban waɗannan jitoci suna nan har yau suna yawo a kasuwar kayan hannu, kuma su ne abin da mai sha'awar koyo ya fi cin karo da shi idan ya fara nema da ɗan kuɗin da ke aljihunsa. Matsalar ita ce sunan da ke manne a gaban jitar, Sho-Bud ne ko Emmons ko MSA, ba ya gaya wa mai saye abin da ya fi buƙatar sani. Hukuncin yana ƙarƙashinta, a cikin ƙarafan da ke jan tsirkiya, kuma duk wanda bai kifa ta ya duba cikinta ba, to bai ga abin da zai biya kuɗi a kai ba.

Aikin fedar yana da sauƙin fahimta ga duk wanda ya taɓa kallon mai kalangu yana matse igiyoyin ganga a hammatarsa domin ya ɗaga murya ko ya sauke ta. A jitar, ƙafa ce take taka feda, fedar ta ja sanda, sandar ta juya wani ƙarfe da ke gicciye a ƙarƙashin jiki, shi kuma ya ja ɗan yatsan ƙarfen da tsirkiya ke ɗaure a kansa, sai tsirkiyar ta ƙara tauri, muryarta ta hau. Jerin waɗannan yatsu guda goma da ke gefen hannun daman makaɗi shi ne macanjin sauti, kuma shi ne zuciyar kayan. Tun daga 1953, lokacin da makaɗi Bud Isaacs ya taka feda a tsakiyar kiɗa a wani faifan mawaƙin kantiri Webb Pierce har aka ji sauti biyu suna hawa wasu na tsaye, duk ci gaban da aka samu a wannan jita ya ta'allaƙa ne a kan macanjin: tsirkiya nawa zai iya ɗagawa, nawa zai iya saukewa, kuma ko za su koma daidai inda suke bayan an ɗage ƙafa.

Kafin a kwatanta samfura, dole a san abin da ɗan koyo yake buƙata. Kusan duk jitocin 'yan koyo masu tsirkiya goma ne, a kan saitin da ake kira E9, wanda idan aka ƙirga daga tsirkiya ta farko, wato mafi nisa da makaɗi, sautukansa suke tafiya haka da haruffan da ake rubuta su: F#, D#, G#, E, B, G#, F#, E, D, B. Feda ta farko tana ɗaga tsirkiya ta 5 da ta 10 daga B zuwa C#, ta biyu tana ɗaga ta 3 da ta 6 daga G# zuwa A, ta uku kuma tana ɗaga ta 4 zuwa F# tare da ta 5 zuwa C#. Wannan jeri shi ake danganta wa shahararren makaɗin jitar Buddy Emmons, akwai kuma na wani makaɗin, Jimmy Day, wanda yake juya fedojin daga ɗaya ɓangaren. A kan waɗannan fedoji uku kusan kowace tsohuwar jitar 'yan koyo ta cika sharaɗi. Inda ake rabuwa shi ne libobin gwiwa, wato ƙarafan da ke rataye a ƙasa waɗanda makaɗi ke turawa da gwiwarsa hagu ko dama. Darussan da ake koyarwa a yau sun ɗauka cewa ɗalibi yana da liba huɗu, kuma biyu daga cikinsu ba a iya yi sai da su: ɗaya tana sauke tsirkiya ta 4 da ta 8 daga E zuwa D#, ɗaya kuma tana ɗaga su zuwa F. Tsofaffin jitocin 'yan koyo galibi da liba ɗaya tak suka fito daga kamfani. Saboda haka tambayar da ta kamata a yi wa kowace ita ce, shin za ta karɓi ƙari, kuma tsirkiyarta ta 4 za ta iya hawa ta kuma sauka?

Amsar tana ga irin macanjin, kuma iri uku ne ake samu. Na farko shi ne mai ja-da-saki, wanda kowane yatsa a cikinsa ƙarfe ɗaya ne tilo: idan ana son ɗagawa sai a ja shi, idan ana son saukewa sai a sake shi daga riƙon da sifirin ya yi masa. Na biyu shi ne mai tura-da-ja, wanda kamfanin Emmons ya shahara da shi, inda sanda take jan yatsa domin ɗagawa, wata kuma ta tura shi domin saukewa. Na uku, wanda ya mamaye ƙira tun daga shekarun 1970 har zuwa yau, shi ne mai ja zalla, wanda yatsansa haɗe yake da guntaye masu motsi, ta yadda da ɗagawa da saukewa duk da ja ake yin su. Ana iya gane su ko a hoto idan an kalli farantin ƙarfen da ke gefen dama na jitar. Idan akwai babbar taga a farantin, kuma ana hango ƙananan notocin roba farare jere a kan bakin sanduna, to mai ja zalla ce. Idan kuwa ramuka ne ƙanana da kawunan sukurori a cikinsu, to ɗaya ce daga cikin biyun farko, sai a duba ƙasa: sanduna masu ɗauke da ƙananan zobba da sifirin a jikinsu suna nuna ƙirar Emmons.

Bambancin har a yadda ake saita su yake. A mai ja zalla, ana saita tsirkiya a sake da makullinta na kai, sannan a taka feda a gyara sautin da ya hau da notin roba. A sauran biyun abin juye yake ga tsirkiyar da ake ɗagawa: sai an taka feda tukuna a saita sautin sama da makulli, sannan a ɗage ƙafa a daidaita sautin sake da sukurun gefe. Na kawo wannan ne domin jitoci da yawa da ake sayarwa da arha a kan cewa sun lalace ba su da wani ciwo, illa dai sun faɗa hannun wanda ya saita su ta hanyar da ba tasu ba har ya birkita su.

Sho-Bud Maverick ita ce mafi yawa a kasuwa, kuma ita ce ta fi jan mai saye da suna. Shot Jackson da Buddy Emmons ne suka kafa Sho-Bud a yankin Nashbil a shekarun 1950, sunan kamfanin ma daga sunayensu aka haɗo shi, kuma manyan jitocinsa suna cikin mafi kyawun gani da daɗin murya da aka taɓa ƙerawa. Maverick iri biyu ce, kuma ya kamata a bambanta su. Ta farkon tana da jikin katakon mapul mai sheƙi wanda ake ganin zanen itacen, da wuya da ya ɗago sama da jiki, da kan makullai na ƙarfe mai lanƙwasa irin na manyan Sho-Bud. Ta baya kuma shafaffe ce ba wuya, an lulluɓe katakonta da leda mai zanen itace ruwan ƙasa, makullanta suna zaune a cikin wani kwano na ƙarfe da aka nutsar a jiki. Ta farkon ta fi kyau, ta fi daraja, kodayake da yawa daga cikinsu ba su da ƙananan tayoyin da tsirkiya ke gudu a kansu a wajen kai, sai sandar ƙarfe tsayayya, abin da ke sa tsirkiya ta maƙale ta ƙi komawa daidai. Ta bayan idan ledar ta fara ɓarewa a kusurwa ana ganin katako mai kyau a ƙasa, shi ya sa wasu suke yaye ta gaba ɗaya su shafa fenti. Mai saye ya sani cewa irin wannan ba asalin kamarta ba ce.

Muryar Maverick ba ta da laifi ko kaɗan, sau da yawa ma tana ba mutum mamaki, domin katako ne na gaske da yatsa guda da fikof (na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya ta kai shi amfilifaya) mai naɗi ɗaya, kuma wannan haɗi yana ba da sauti mai haske irin na tsofaffin faifai. Inda ta gaza shi ne a ƙasa. Macanjinta mai ja-da-saki ne na mafi sauƙin ƙira, kuma yadda kamfani ya tsara ta, tsirkiyar da ake ɗagawa ba a sauke ta. Tun da feda ta uku tana ɗaga tsirkiya ta 4, libar gwiwarta guda ɗaya ba ta taɓa ta. Abin da ta saba saukewa shi ne ta 2 da ta 8. Ma'ana, ɗalibi zai samu D# a tsirkiya ta 8 amma ba zai same shi a ta 4 ba, sai ya zamana rabin darasin da yake bi bai dace da abin da ke gabansa ba. Akwai gwanayen gyara da suke sake tsara cikinta har ta karɓi liba uku ko huɗu, amma kuɗin kayan da na aikin, idan aka ɗora a kan farashin da sunan Sho-Bud ya riga ya kumbura, yakan kai mutum kusa da kuɗin jitar da ta fi ta nesa ba kusa ba. A ganina Maverick ta dace da wanda ya riga ya iya kiɗa yana son wannan tsohuwar murya a faifai, ko wanda ya same ta da araha ƙwarai yana son ya gwada ko zai jure wa kayan. Ga mai niyyar koyo na shekaru, zai fi ƙarfinta cikin ɗan lokaci.

Ƙanwarta ce jitar 'yan koyo mai sunan Fender ta tsakiyar shekarun 1970, domin Sho-Bud ne ya ƙera wa Fender ita. Baƙar leda ce a jikinta, feda uku da liba ɗaya, kuma duk abin da aka faɗa a kan iyakar Maverick ta baya ya hau kanta. Kada a rikita ta da Fender 400, wadda ta girme ta kuma ba ta 'yan koyo ba ce tun asali, sai dai ana yawan tallata ta gare su. Ita 400 tsirkiya takwas gare ta, da wayoyi da ƙananan tayoyi take aiki maimakon sanduna, ba ta zo da libar gwiwa ba, kuma tana da masoyanta na daban saboda makaɗa irin su Sneaky Pete Kleinow. Kaya ce mai daraja, amma wanda ya saye ta domin ya bi darussan E9 na zamani ya sayi abin da ba shi ake koyarwa ba.

Kamfanin MSA na birnin Dalas a jihar Tekzas, wanda Maurice Anderson da abokansa suka kafa a 1963, ya fitar da abubuwa biyu masu nisan tazara a ƙarƙashin suna ɗaya, kuma a nan ne mai saye ya fi buƙatar lura. Red Baron da Sidekick su ne na ƙasa: jiki mara nauyi mai rufin roba, macanji mai ja-da-saki, feda uku da liba ɗaya. Suna da sauƙin ɗauka, amma rashin nauyin yana sa su tafiya a ƙasa idan aka tura liba da ƙarfi, kuma ba su da murya ko kwarjinin da zai sa a kashe kuɗi wajen faɗaɗa su. Semi-Classic kuwa wani abu ne daban. An rage mata tsawon jiki da ado da yawan fedoji, amma ƙarafan cikinta na gidan Classic ne, babban samfurin MSA, wato macanji mai ja zalla da sandunan gicciye masu zagaye, irin aikin da ya sa ake cewa MSA ba ta mutuwa. Tsirkiya ɗaya tana hawa ta sauka a kanta ba tare da wata dabara ba, ana iya ƙara mata libobi da kayan da har yanzu ake samu a wurin masu ƙera na maye, kuma saitinta shi ne wanda ɗalibi zai tarar a galibin sababbin jitoci. Muryar MSA ta wancan zamani ta fi duhu da kauri, wasu suna ganin ba ta da walƙiyar Sho-Bud, amma sauya fikof yakan gyara da yawa daga cikin wannan, kuma aiki ne mai sauƙi idan aka kwatanta da sake tsarin macanji.

Emmons GS-10 ita ce wadda masana suka fi girmamawa a cikin jerin, kuma girmamawar tana da dalili. Buddy Emmons da Ron Lashley sun kafa kamfanin a 1963 a jihar Karolaina ta Arewa, kuma jitarsu mai tura-da-ja ta zama ma'aunin da har yau ake gwada muryar kowace jita da shi. Abin da suka yi a samfurin 'yan koyo shi ne cire wuyan alminiyum da sauran ado, suka manna allon ma'aunin, wato allon da ke nuna wa makaɗi inda zai ɗora ƙarfe, kai tsaye a kan jikin da aka rufe da fomeka, amma suka bar tsarin macanjin kamar na manyan. Sakamakon haka GS-10 tana da wannan murya mai ƙara kamar ƙararrawa, mai daɗewa kafin ta mutu, har akwai ƙwararrun da suke ajiye ta domin ɗaukar faifai ko tafiye-tafiye saboda rashin nauyinta. Ita ma da feda uku da liba ɗaya ta saba zuwa, sai dai tana karɓar ƙari, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke kasuwa an riga an kai su liba uku ko huɗu. Idan aka saita ta daidai tana riƙe saiti na dogon lokaci, domin yatsunta suna tsayawa ne a jikin abu mai ƙarfi a kowane ɓangare.

Sai dai tana da sharuɗɗa biyu da ba za a ɓoye ba. Na farko, gyaranta ilimi ne na kansa. A wannan tsari ɗagawa tana rinjayar saukewa, don haka dole a bar ɗan sako-sako a sandar ɗagawa domin tsirkiya ta samu wurin sauka, kuma wanda bai san haka ba yakan ga sakon ya ɗauka kwancewa ce, ya ɗaure zoben, nan take libar ta daina aiki. Tsirkiyar da ake ɗagawa zuwa sauti biyu, kamar ta 4 da ke zuwa F da kuma F#, ƙaramin hawan nata a ƙarƙashin jitar ake saita shi, sai an zura hannu. Na biyu, sunanta ya riga ya bazu, farashinta ya daina zama na 'yan koyo, har yakan yi kafaɗa da na cikakkiyar jitar ƙwararru ta hannu daga wani kamfani. Ga wanda murya ce gabansa, kuma yana da haƙurin koyon cikinta ko yana da wanda zai duba masa, babu kamarta a wannan aji. Ga wanda yake son ya zauna ya yi ta darasi ba tare da ya kifa jita ba, Semi-Classic ta fi kwanciyar hankali.

ZB, ƙirar Zane Beck wadda Tom Brumley ya yi suna da ita a ƙungiyar Buck Owens kafin daga baya ya mallaki kamfanin, ita ma tana da samfurin 'yan koyo mai kyakkyawar murya. Cikinta ya fi na kowa wuyar daidaitawa, kayanta kuma ba su da yawa, don haka sai wanda ya same ta a saite kuma bai da niyyar canza komai.

Wani lokaci jitar tana zuwa ba suna, ko da sunan da ba nata ba, domin tambari abu ne da ake saya a manna. A irin wannan hali sai a bi alamomin da ba a sauya su da sauƙi: siffar kan makullai, farantin gefe, irin fedojin da sandar da suke kai, da kuma zanen da ke kan allon ma'auni. Sho-Bud tana da alamomin karta, wato zuciya da daimon da sauransu, Emmons tana da zanen ƙwayar zarra, MSA ta wancan lokaci kuma tana da 'ya'yan darar ces. Allon ma ana iya sauya shi, saboda haka sai alamu biyu ko uku sun haɗu. Lambar ƙira galibi a buge take a jikin farantin gefe ko a katakon ƙasa. Akwai kuma jitoci masu yawa da mutane suka ƙera a garejinsu ko suka haɗa daga kayan da ake sayarwa a kwali. Idan ƙarafan cikin sun yi kama da na shagon kayan gini, sandunan an lanƙwasa su da filaya, to komai arharta ba a san mai gyara ta ba idan ta tsaya.

Bayan an san ko wace ce, saura lafiyarta. A fara da saman yatsun macanji, a cire tsirkiya ta 3 ko a ɗan ture ta, a shafa farce a kan ƙarfen. Wannan tsirkiya siririya ce ƙwarai, kaurinta kimanin 0.011 na inci, ana ɗaure ta a G# a kuma ja ta zuwa A sau dubbai, don haka ita ce ta fi cin ƙarfe. Idan farce ya faɗa cikin ɗan kwari, za a ji zizar sauti kamar ƙudan zuma kuma tsirkiya za ta riƙa tsinkewa. Ƙaramin kwari ana goge shi, mai zurfi kuwa sai an sauya yatsan. Daga nan a haɗa na'urar saiti a yi gwaji biyu. A kaɗa tsirkiya ta 4 a sake, a taka feda ta farko da ta biyu tare, a kalli allura: tun da ba a taɓa ta 4 ba, duk saukar da ta yi alama ce ta yadda jikin jitar yake lanƙwashewa a ƙarƙashin nauyin ja. 'Yar sauka kaɗan kowace jita tana yi, amma idan kunne yana jin ta a fili, jikin ya yi rauni ko sukurorin farantin sun saki. Gwaji na biyu, a taka kowace feda a saki sau da yawa, a tura liba a saki, a ga ko allura tana komawa wuri ɗaya. Idan yau ta dawo sama gobe ƙasa, to akwai gogayya a wani wuri, ko dai tsohon man da ya daskare ya zama danƙo a tsakanin yatsu, wanda wanki yake magancewa, ko ƙarfen da ya cinye, wanda wanki ba ya yi masa komai.

A ƙarƙashi, ramukan sukuru da ba komai a cikinsu suna ba da tarihin jitar: wani ya taɓa ƙara abu ya cire, ko ya matsar da liba. Ƙarin da gwani ya yi yana da tsabta, kayansa iri ɗaya ne, wanda kuma aka yi da gaggawa ana ganinsa a walda da wayar ɗauri. A duba tsagewa a katako kusa da macanji, domin nan ne ƙarfin tsirkiya goma yake taruwa, kuma tsagewa a nan ta isa a fasa ciniki. Fikof mai naɗi ɗaya yana da ɗan gurnani idan an haɗa shi da amfilifaya, wannan ɗabi'arsa ce ba lalacewa ba. Abu na ƙarshe da mutane ke rainawa shi ne cikar kayan: ƙafafu huɗu, sandar fedoji, sandunan ja guda uku da akwatin asali. Kowace ƙira tana da nata tsawon sanda da irin ƙugiyarta, kuma neman na maye ga jitar da kamfaninta ya rufe tun shekaru aru-aru yana cin lokaci da kuɗi. Dogon mutum ya gwada zama a gabanta tukuna, domin ƙafafun jitocin 'yan koyo da yawa ba a ƙara musu tsawo, kuma idan gwiwa ba ta shiga ƙasa ba, sai an sauya ƙafafu da sanduna gaba ɗaya.

Adalci ne a ajiye waɗannan tsofaffi kusa da abin da ya biyo bayansu. Carter Starter, wadda ta fito a wajajen shekarar 2000, ta zo da feda uku da liba huɗu a farashin ɗalibi, kodayake ba a iya canza tsarinta kuma libobinta ba su da ƙarfin tsayawa. Stage One, ƙirar Bruce Zumsteg, da samfurin ɗalibai na GFI, ƙirar Gene Fields, duk masu ja-da-saki ne, amma an tsara su yadda tsirkiya ta 4 da ta 8 suke hawa su sauka, wanda ya nuna cewa laifin Maverick na tsarin da aka yi mata ne, ba na irin macanjin ba. Duk wanda aka nemi ya biya wa Maverick ko Red Baron kuɗin da ya kai na ɗaya daga cikin waɗannan ta hannu, to tsufa da suna kawai yake saya.

Ga mai saye daga Najeriya ko Nijar akwai ƙarin lissafi. Kayan ba baƙo ba ne gaba ɗaya a Najeriya, domin Demola Adepoju ya kaɗa shi a ƙungiyar King Sunny Adé har duniya ta ji shi a cikin kiɗan juju a farkon shekarun 1980, amma masu gyara shi da kayan mayensa suna can Amurka da Turai. Kuɗin jirgi da na kwastan ba su san jita mai kyau da maras kyau ba, nauyi da ƙima suke bi, don haka ɗauko mafi arha daga nesa shi ne mafi asara idan ta iso ta kasa aiki. Wanda zai zama shi ne makanikin kansa ya fi samun sauƙi da mai ja zalla, wadda ake ganin aikin kowace sanda da ido. Ya kuma sayo tsirkiyoyi masu yawa tare da ita, musamman ta 3, ya nemi mai sayarwa ya aiko da hotunan ƙasa da na farantin gefe, da bidiyon da yake taka kowace feda na'urar saiti tana kunne.

Idan aka tattara, mai son koyo sosai wanda ya dage sai tsohuwa, ya nemi MSA Semi-Classic, kuma ya fifita wadda aka riga aka ƙara wa libobin E guda biyu. Mai neman murya kafin komai, wanda ba ya tsoron zura hannu a ƙasa, ya tara kuɗi ya sayi GS-10, ya kuma biya wanda ya san tsarin Emmons ya saita ta sau ɗaya kafin a aiko. Maverick ta farko mai katakon mapul ta cancanci a saye ta a matsayin jita ta biyu ko idan farashinta ya faɗi ƙasa sosai. Maverick ta baya, da Fender ta 'yan koyo, da Red Baron da Sidekick, a saye su ne kawai da kuɗin da mutum ya tabbata zai iya mayarwa idan ya sake sayar da su bayan shekara guda, kuma kada ya kashe ko sisi wajen faɗaɗa su.